Ciyawar kowa, saniyar wa?

Wata tambaya ce ta tsaya mini a wuya tun bara. Na juya ta na juya, na ga gara in kawo ta gaban jama'a, domin na san ba ni kaɗai ta shafa ba, ko a nan Hausari ko wajen 'yan'uwanmu na unguwar Sarkin Hausawa a Gashuwa.

Ina da shanu goma sha huɗu a hannun wani Bafulatani. Mahaifinsa ne ya riƙe wa mahaifina, shi kuma ya riƙe mini, amana ce ta fiye da shekara arba'in kuma ba mu taɓa rubuta komai a takarda ba. Bara, ana saura mako biyu babbar Sallah, a tsakiyar bazara lokacin da shanun mutane ke tafe kana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, ya koro mini bijimi guda zuwa kara. Wallahi sai da dillalai suka miƙe. Tozo ya cika, fata na sheƙi kamar an shafa mata mai. Na sayar da shi da ribar da ban taɓa samu a kan dabba ɗaya ba. Da muka zauna shan fura na ce masa, "Ɗana, me ka ba shi haka?" Ya yi dariya ya ce, "Baba Liman, ai ba ni na ba shi ba. Da dare muke shiga da su dajin tsuntsaye can Dagona, kafin asuba mun fito. Ciyawar can ba mai ita."

Ni ma na yi dariya, na cusa kuɗi a aljihu. Sai da na tsaya gaban sahu da magariba kalmar ta dawo mini, ba mai ita. In da gaske ba mai ita, to kuɗin aljihuna halas ne tsaf. In kuwa tana da mai ita, to da dukiyar wa na yi layya?

Don yaran da ba su taɓa zuwa ba, Dagona na cikin ƙasar Bade, a tsakaninmu da Gashuwa. Tafki ne da daji da aka keɓe saboda tsuntsayen ruwa, kuma tun 1991 yana ƙarƙashin Gandun Dajin Tafkin Chadi na gwamnatin tarayya. Duk hunturu tsuntsaye na ƙetaro hamada daga ƙasashen Turai su sauka nan, su tarar da namu na gida, su dinya da kirinjijiya da zalɓe. A 1987 aka buɗe shirin kula da fadamar Haɗeja da Nguru, ofishinsa a garin nan. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona da ƙafarsa. Masu shekaruna sun tuna yadda aka yi ta zancen a kasuwa, wai Bature ya baro gidan sarauta don ya kalli agwagwa. A shekarar 2000 kuma aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma, hekta 58,100, cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne na farko a Najeriya. Dokar gandun ta hana kiwo a ciki. Mai kiwona ya sani, shi ya sa yake shiga da dare. Ni ma na sani.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowane mai ɗan karatu ke yi, na nemi hujjar da za ta wanke ni. Ba ta yi wuyar samu ba. Tun muna makarantar Islamiyya aka karantar da mu cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. To shi ke nan, na ce a raina, ciyawar daji Allah ne Ya fitar da ita, ba wanda ya shuka, ba wanda ya yi ban-ruwa, wa zai hana saniyata? Na kwana biyu da wannan hujja ina jin daɗinta.

Kasuwa ce ta rushe mini ita. Shekara goma sha biyu na yi ina tarayya da mutum biyu a rumfar hatsi. Wanda ya taɓa haɗa jari ya san ma'anar tarayya, kowane buhu a rumfar nan akwai rabona a ciki, akwai na abokaina. In na zo da dare na ɗebi buhu biyar na ce ai rumfar ta kowa ce, sunana ɓarawo, ko da kuwa da makullina na buɗe. Abin da aka yi tarayya a kansa ya fi na mutum ɗaya yawan masu shi. Mu ne muka juya maganar, muka mai da "na kowa" ya zama "ba na kowa ba". Haka muke yi da famfon unguwa, da kujerun makarantar firamare, da maganin asibiti. In an ce kayan gwamnati ne sai mu ji kamar an ce kayan tsintuwa.

To su wa ke da rabo a ciyawar Dagona ban da ni? Na zauna na lissafa kamar yadda nake lissafin bashi.

Akwai masunci. Kifi ba a tsakiyar kogi yake hayayyafa ba. Idan ambaliya ta hau fadama, cikin ciyawar da ruwa ya rufe tarwaɗa da karfasa ke zuba ƙwai, 'ya'yan su ɓuya su yi girma kafin ruwa ya janye. Bakin tafkin da garke ya tattake ya zama caɓi, aka cinye burugunsa har saiwa, ba ya riƙe ɗan kifi. Bandar kifin da muke lodawa zuwa Kudu daga nan take farawa. Akwai mai saƙar tabarma da igiya, wadda kabarta ke fitowa daga ganyen ƙananan itatuwan goruba. Akwai wanda ba a haifa ba tukuna, wanda rabonsa shi ne ɗan bagaruwa da ɗan giyayya da suka tsiro bana, tsawon yatsa, saniya ta taka ko akuya ta tsinke. Ku lura in kun bi hanyar Gashuwa, a wurare da yawa manyan itatuwa ne tsaye, tsofaffi, ba ƙanana a ƙarƙashinsu. Daji ne mai kakanni ba jikoki. Ga kuma sassaƙe rassan gawo da ake yi wa dabbobi da rani har itacen ya koma kamar sanda, ga wutar da ake cinna wa daji don sabon tsiro. Wanda yake son ganin ƙarshen wannan hanya ya je wajen Yusufari ko Machina ya ga yadda rairayi ke tafiya inda ƙasa ta tsiraita.

Kada a ji ni ba daidai ba, saniya ba annoba ba ce. Gonar da garke ya kwana a kanta bayan girbi ta fi wadda aka zuba wa takin zamani ƙarko, iyayenmu har hatsi suke ba makiyayi don ya sauka a gonarsu. Ƙwayar gawo ma ta fi saurin tsirowa in ta bi ta cikin dabba. Kiwo mai zuwa ya wuce, ya bar wuri ya huta, gyara ne. Ɓarnar tana zuwa ne in ƙafa ta yi yawa a wuri ɗaya, a lokacin da ƙasa ba ta da ƙarfin ramawa.

Akwai wani mai rabo da na daɗe ina jin nauyin ambatonsa, don na san za a yi mini dariya a majalisa. Shi ne mai zuwa ya huta kawai. Malamin makaranta da ya kwaso ɗalibai a mota don su ga tsuntsun da ya taso daga wata duniya. Dattijon da ke son inuwa da iskar bakin ruwa. Yaran da ke koyon iyo. Wani abokina ya ce mini, "Haba Liman, yanzu kallon tsuntsu za ka ɗora a sikeli ɗaya da yunwar saniya?" Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. In aka ce lalle sai dai a zaɓa tsakanin ran dabba da nishaɗin mutum, ran dabba ne gaba, wannan ba gardama. Amma bijimina ba mutuwa zai yi ba. Ƙiba ya je nema, don in sami ƙarin riba. Abin da ke kan sikelin shi ne ribar mutum ɗaya da hutun mutum dubu, kuma in an faɗe shi haka sai ka ga ma'aunin ya sauya.

Hutu kuwa ba wasa ba ne. Mai kuɗi in ya gaji yana da falo da fanka da janareta, in ya ga dama ya tafi Kano ko Umara. Talaka ba shi da wurin shaƙatawa sai wanda yake na kowa: bakin tafki, gindin tsamiya, filin ƙwallo. Mu duba nan kusa ma, ba sai mun je Dagona ba. Filin da samarinmu ke buga ƙwallo a bayan unguwa, duk daren kasuwa ya zama zangon shanu, da safe kashi da ramukan kofato, wanda ya karye a ciki ya san zancen. Kududdufin da muka koyi iyo muna yara yanzu ko ƙafa ba ka so ka tsoma. Sannan mu hau mumbari muna faɗan yara sun koma shaye-shaye da zaman waya. Ina muka bar musu su je? Shanun da ke kwana a filin nan kuwa na san masu su, da yawansu a sahun gaba suke salla.

Abin mamaki, mun yarda da irin wannan hani a wani wurin ba tare da ƙorafi ba. Mutanen Bade tun kakanni suna da ruwan da ake rufewa, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe, kuma da wannan ne bikin kamun kifi na Gogaram ya zama abin da ake taruwa daga nesa a kalla. Ba wanda ya ce an zalunci masunci don an ce ya dakata, kowa ya gane dakatawar ce ke tara kifin. A ƙasar Hausa ma da can kowane gari na da huruminsa, filin da ba a nomawa, da burtalin da ba a tarewa. Keɓe wuri ba Bature ne ya kawo mana ba.

Yanzu bari in juyo ga mai kiwona, don in na tsaya a nan na zalunce shi. Da na koma na same shi a ruga na ce a daina shiga gandun, bai yi musu ba. Shiru ya yi, sannan ya ce, "Baba Liman, to ina zan kai su?" Ya fara nuna mini da sanda. Can mashaya ce a zamanin babansa, yanzu lambun tattasai ne. Can burtali ne da garke biyu ke wucewa ba su gogi juna ba, yanzu ko amalanke sai da dabara. Can kuma fadamar burugu ce, yanzu kacala ce iya ganinka.

Gaskiya ya faɗa, kuma duk wanda ya haura arba'in a garin nan shaida ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya daina zuwa yadda ya saba. Da, ambaliya ce ke zuwa da ƙarfi ta shimfiɗu, ta janye da rani ta bar ciyawa ɗanya. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, wasu wuraren suka bushe, wasu kuma ba sa bushewa sam, kacala ta samu gida ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da makiyaya, ta zama masaukin jan-baki mai cinye mana gero da shinkafa. Fari na 1973 da na 1984 sun turo makiyaya daga arewa zuwa fadama. Daga shekarun 1980 injin ban-ruwa ya yawaita, bakin kogi duk ya zama alkama da shinkafa da albasa. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965 take, amma da yawan wuraren da aka ambata a takarda suka tsaya, gonaki sun shige su. Ana ta maganar farfaɗo da irin su Nasari a Jakusko, Allah Ya sa a dore. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi dokar karkara a 1993, suka ƙara da ta makiyaya a 2010, kuma wanda ya bi ta can ya ga turakun siminti da aka kafa a gefen burtali don kada manomi ya ci. Su ma suna da rigimarsu, amma aƙalla akwai alamar da za a nuna wa alƙali.

To wa ya noma mashayar? Laifi tudu ne. Lambun tattasan da ya nuna mini da sanda, na san wanda ya ba da jarin injinsa, don tare muke zama a rumfa. Kakanninmu jirgin ƙasa ya kawo su bayan layin dogo ya iso Nguru a 1930, suka zo cinikin gyaɗa da ƙaro da fata da nama, Mangawa da Badawa suka ba su wurin zama. Yau mu jikokinsu muna da gona a fadama, muna da shanu a ruga, muna da rumfa a kasuwa. Da hannun dama mun tare wa makiyayi hanya, da na hagu mun ƙara masa dabbobi, in ya faɗa gandu ko gonar wani a ce Fulani sun yi ɓarna. Shi ake kamawa, shi ake zagi, wani lokaci shi ake kashewa ko ya kashe. Mai saniyar yana gida yana shan shayi. Ku tambayi kowane dillali a kara, cikin garken da kuke gani nawa ne na mai sandar, nawa ne na alhazan gari da ma'aikata.

Abin da ya yanke mini hukunci labari ne da na karanta tun ina saurayi a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, yana kuma cikin Buhari, amma ban taɓa jin ya shafe ni ba sai bara. Sayyidina Umar ya keɓe makiyaya saboda dabbobin baitulmali, ya ɗora wani bawansa mai suna Hunayyu a kanta. Cikin wasiyyar da ya yi masa, ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga. Amma ya ja kunnensa game da dabbobin Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Dalilinsa shi ne, waɗannan biyun in dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka in nasa suka mutu sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba yana kuka. Umar bai ɓoye cewa mutanen wurin na ganin an ƙwace musu ƙasar kakanninsu ba, ya kuma nuna ba don larurar jama'a ba da bai keɓe ko taki ɗaya ba.

Ku duba su wa aka hana. Sahabbai biyu cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Ba a tuhume su da sata ba, ba a ce dukiyarsu haram ce ba. An dai ce suna da wani abin dogaro, don haka su ja baya. Na karanta wannan na dubi kaina, ina da rumfa, ina da gona, ina da gidan haya guda. In shanuna goma sha huɗu suka mutu yau, zan ji zafi, amma tuwo ba zai yanke a gidana ba. Mai kiwona yana da nasa guda shida a cikin garken, su ne nononsa, su ne sadakin ɗansa, su ne asibitinsa. Ko da za a buɗe ƙofar gandu a shekarar fari saboda larura, shi ya kamata ya shiga da shidansa, ni in tsaya a waje. Mu kuwa abin da muke yi shi ne mu ɓoye goma sha huɗunmu a bayan shidansa, in an yi magana mu ce a tausaya wa talaka makiyayi.

Labarin ya kuma nuna mini cewa mai keɓe wuri yana da nasa nauyin. Hukuma na da ikon ta ce nan ba a kiwo, kuma bin wannan wajibi ne ko da mai gadi ya yi barci. Amma wanda ya rufe ƙofa ɗaya ya kamata ya tabbatar akwai wata a buɗe: burtali da aka shata, mashaya da ba a noma ba, makiyaya mai ruwa. Ɗana da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ya gaya mini a Amurka ma an sha wannan rigima, har suka yi doka a 1934 cewa mai kiwo a filin gwamnati sai da izini, a ƙidaya dabbobinsa, a faɗa masa watannin da zai shiga, ya biya kuɗi a kan kowace saniya. Ya ce har gobe masu yawon daji da masu kamun kifi na can na ƙorafin kuɗin ya yi kaɗan kuma shanu na ɓata bakin rafuka. Na ce to ashe ba mu kaɗai ba ne. Sai dai su sun san adadin abin da ke shiga. Mu nan ba wanda zai iya gaya maka shanun Hausari nawa ne ke cin ciyawar fadama, don kowa na ɓoye nasa, wani saboda zakka, wani saboda 'yan'uwa.

Ga abin da na yi, ba don in ce kowa ya yi haka ba. Na sayar da guda shida. Sauran takwas, daga watan da ciyawa ta ƙare har saukar damina, ni ke sayen harawa da dusa da ƙaiƙayi ina aikawa ruga a amalanke. Na yi lissafi a ƙarshen bazarar bana, ribar da nake gani a da kusan duk ta tafi a abinci. Wato dama can ribar ba daga wayona take fitowa ba, daga ciyawar jama'a take. Mai kiwona bai ji daɗi ba da farko, don raguwar garke raguwar nono ce a gare shi, sai da muka sake yanka ladan kiwo na ƙara masa. Ko ya daina shiga da nasa shidan, ban tambaye shi ba, kuma ba na jin ina da bakin tambaya.

Saura kuɗin bijimin bara. Na tambayi malamai biyu da na fi amincewa da su. Ɗaya ya ce cinikin ya inganta, laifin saɓa dokar ne, in yi istigfari in daina. Ɗayan ya ce in ƙiyasta abin da ƙibar ta ƙara a kan kuɗin, in mai da shi ga amfanin jama'a tun da ba mutum ɗaya ne mai haƙƙin ba. Na ɗauki ta biyun don ta fi kwantar mini da rai. Na yi magana da shugaban samarin unguwa, za a sayi turaku da waya a kewaye filin ƙwallo, a bar wa shanun kasuwa gefen gabas inda ba a wasa. Abin da na ware ba zai kai ko rabi ba. Masu dabbobin da ke kwana a filin, na san ku kun san ni, ina rumfa kullum bayan la'asar.